Matafiyi da Halin Gaggawa a Ƙasar Waje

Halin gaggawa a ƙasar waje shi ne duk abin da ya faɗo wa matafiyi bagatatan, wanda in ba a yi maganinsa cikin 'yan sa'o'i ba zai iya cin ransa, ko ya kai shi kurkuku, ko ya toshe masa hanyar komawa gida. Ciwo ne ko hatsari, ɓatan fasfo ne ko kamu, ko kuwa yaƙi ya ɓarke a garin da mutum ya sauka. Yawancin waɗannan suna faruwa a gida ma. Sai dai a gida mutum yana da dangi da maƙwabta, ya san asibitin da za a nufa, ya san ƙofar da za a buga da tsakar dare. A waje kuwa wataƙila ko harshen da zai nemi taimako da shi bai iya ba. Shi ya sa aka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Fatake da alhazan da can suna da nasu tsari. Mai zuwa Gwanja fataucin goro, da mai bin hanyar ƙasa ta Chadi da Sudan har bakin Bahar Maliya, kowa zango yake nema ya sauka hannun mai masauki. Shi zai tsaya wa baƙo gaban hukuma, ya yi jinyarsa in ya kwanta, ya binne shi in ya cika, ya ajiye dukiyarsa har magada su zo. Wannan tsari bai mutu ba, domin har yau akwai sarakunan zango a Gana, da sarakunan Hausawa a Kamaru, da garuruwa irin su Mai Wurno a Sudan. Amma matafiyin yau yakan bar Kano da safe ya yi magariba a Jidda, kuma askar ɗin da zai tare shi bai san mai masauki ba. Takarda zai tambaya. A nan ne mutanenmu suka fi rauni: a miƙa fasfo da tikiti da sunan otal ga ejan ko jagoran tafiya, sauran bayanai kuma duk suna cikin waya guda ɗaya. Ranar da ejan ya ɓace ko cajin waya ya ƙare, sai a ga dattijo mai gida da iyali yana tsaye a titi bai san sunan unguwar da ya kwana ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a tashi ana ɗaukar hoton shafin fasfo mai ɗauke da suna, da biza, da tikiti, da katin rigakafi, a buga su a takarda. Kwafi ɗaya ya zauna a wata jaka dabam da wadda fasfon yake ciki, ɗaya kuma a bar wa wani amintacce a gida. Sannan a sami 'yar takarda da ba ta rabuwa da aljihu, a rubuta suna, da ƙasa, da sunan masauki, da lambar mutum biyu da za a kira, da ciwon da mutum yake fama da shi, da magungunan da yake sha. Ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da ya rage masa ƙasa da wata 6, don haka ranar ƙarewarsa ma abin dubawa ce tun kafin a sayi tikiti. Mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila yakan ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyarsa, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Babbar jaka tana iya sauka a wani gari.

Inshorar lafiya abu ce da matafiya da yawa suke ɗauka takardar cika sharaɗin biza kawai. Ƙasashen Schengen na Turai ba sa ba da biza sai da inshorar da ta kai yuro 30,000, bizar Umara kuwa da inshorarta take zuwa. Amfanin takardar yana jikin lambar wayar da ke kanta, wadda ake kira tun mutum yana kan gadon asibiti, domin kamfanin ya amince da biyan kuɗin kafin a yi nisa. A Amurka wata doka ta 1986 ta tilasta wa asibitoci su duba duk wanda aka kawo cikin gaggawa, su tsayar da hatsarin da yake ciki ko ba shi da ko sisi, amma takardar bashi za ta biyo baya, kuma tana iya cinye gida da gona. A Ingila duba mutum a sashen gaggawa kyauta ne, amma da an ba baƙo gado sai lissafi ya fara.

Idan abu ya faru, matakin farko kira ne, kuma kowace ƙasa da lambarta. A Tarayyar Turai da Turkiyya da Indiya 112 ce. A Amurka 911, a Birtaniya 999. A Sin 'yan sanda 110, motar asibiti 120, 'yan kwana-kwana 119. A Masar 'yan sanda 122, motar asibiti 123. Akwai wani ruɗani da ya kamata masu zirga-zirga tsakanin Jidda da Dubai su kiyaye. A Saudiyya 997 motar asibiti ce, 998 'yan kwana-kwana. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa abin ya juye: 998 ce motar asibiti, 997 'yan kwana-kwana. A yankin Makka lamba 911 ta haɗa duka, ma'aikatar lafiya ta Saudiyya tana ba da shawarar likita a 937, ma'aikatar Hajji da Umara kuma tana amsa alhazai a 1966. Mai amsa kira abu uku yake son ji: ina ne, me ya faru, mutumin yana numfashi ko ba ya yi. Wurin ne ya fi wuyar faɗa ga baƙo, shi ya sa katin otal mai adireshi da harshen ƙasar yake da daraja. A cikin Harami kowace ƙofa da lambarta, ta Sarki Abdul'aziz lamba 1, ta Sarki Fahad lamba 79, kuma faɗin lambar ƙofa ya fi dogon kwatance. Wanda harshe ya gagare shi ya miƙa wayar ga ma'aikacin otal ko mai kanti mafi kusa.

Cikin cututtukan da ke kayar da matafiyanmu, zafin rana a ƙasa mai tsarki yana cikin na kan gaba a 'yan shekarun nan. A Hajjin 2024, wanda ya faɗo cikin watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka. Ministan lafiya na Saudiyya ya bayyana cewa mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izinin aikin Hajji. Wannan kaso yana da bayani. Wanda ba shi da tasrihi, wato wannan izini, ba shi da tanti mai sanyaya iska a Mina da Arfa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi, kuma tsoron kamu yana hana shi kusantar jami'an da za su iya cetonsa. Da yawa an kai gawarwakinsu asibiti babu wata takarda a jikinsu, iyalai suka yi kwanaki suna yawon cigiya. Tun daga nan hukunci ya ƙara tsanani: a 2025 tarar shiga Hajji babu izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hana shiga ƙasar shekara 10. Duk ejan da ya ce zai shigar da mutum Hajji da bizar ziyara, ransa yake ciniki.

Mutumin Sakkwato ko Agadas yakan ɗauka ya san rana. Ya san ta, amma a gida ba ya tafiyar kilomitoci a ƙasa da tsakar azahar, cikin dubban jama'a, kansa a buɗe, bayan dare biyu babu barcin kirki. Wasu tsofaffi kuma da gangan suke rage shan ruwa don gudun layin banɗaki, wannan kuwa yana daga cikin abubuwan da ke kai su ƙasa. Ciwon yana da mataki biyu. Na farko gumi ne mai yawa, da jiri, da ciwon kai, da kasala. Maganinsa inuwa da hutu da ruwa, musamman mai gishiri da sukari. Na biyu shi ne mai kisa: jiki ya yi zafi ƙwarai, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, ko ya suma. Nan ba a jira. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa a jiki ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, wani kuma yana kiran motar asibiti. Ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki, domin huhu zai tafi. Lema ba ta ɓata harama, kuma shari'a ta yarda mai rauni ya wakilta wani ya yi masa jifa.

Akwai alamun da ba a kai wa kemis ko a ce bari gari ya waye. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya mutu, magana ta sarƙe: shanyewar ɓarin jiki ke nan, kuma allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya cikin awa 4 da rabi na farko ake yin ta. Don haka a lura da lokacin da abin ya fara, a faɗa wa likita. Nauyi a ƙirji mai gangarawa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi, zuciya ce. Idan mutum ya faɗi ba ya numfashi, ana danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har masu agaji su iso. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana ciwo bayan doguwar tafiyar jirgi na iya zama gudan jini, wanda in ya tashi ya kai huhu yana kisa nan take. Sai zazzaɓi. Cizon sauron da aka ɗauko daga gida yakan yi mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, likitan Turai ko Sin kuwa ba lallai tunaninsa ya kai nan ba. Wajibin mara lafiya ne ya ce daga ƙasar sauro ya fito, a gwada masa jini.

Turmutsutsu kuma nasa sha'anin dabam ne. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim kusa da Mina. A ranar 24 ga Satumba 2015, ranar Babbar Salla, ayari biyu suka yi karo a mahaɗar titi na 204 da na 223 a Mina. Hukumomin Saudiyya suka ce mutum 769 ne suka rasu, ƙidayar kamfanin dillancin labarai na AP daga bayanan ƙasashe ta wuce 2,400. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk sun yi rashi, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Abin da ke kashe mutane a irin wannan wuri matsi ne da ke hana ƙirji buɗewa, har mutum ya cika yana tsaye. Wanda ya ji jama'a sun fara ɗaukarsa ba da ikonsa ba, ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirji ya tsare wurin numfashi, ya bi yadda taron yake gudana yana zamewa gefe kaɗan-kaɗan. Ba a juyawa a fuskanci taro, ba a sunkuyawa ɗaukar takalmi ko waya. Jadawalin jifa da ake raba wa kowace tawaga saboda wannan aka yi shi. Katin Nusuk da ake rataya wa alhaji tun daga 2024 yana ɗauke da sunansa da masaukinsa, shi ne kuma abin da ke mayar da ɓataccen tsoho tantinsa.

Ɓatan fasfo ba ya kisa, amma yana iya riƙe mutum makonni. Ana fara kai rahoto ga 'yan sanda a karɓi takardar shaida. Daga nan sai ofishin jakadanci, da hotuna da kwafin tsohon fasfo da duk wata shaidar ɗan ƙasa. Najeriya tana da babban ofishi a Riyad da ƙarami a Jidda, babba a Abu Dabi da ƙarami a Dubai, babba a Beijing da ƙanana a Guangzhou da Shanghai. Abin da ake ba ɗan Najeriya mai son komawa gida shi ne takardar ETC, wadda tafiya ɗaya take yi, daga inda mutum yake zuwa gida. Ba a wuce wata ƙasa kasuwanci da ita. Bayan ta kuma sai hukumar shige da fice ta ƙasar ta buga izinin fita. Alhaji ba ya bin wannan hanya shi kaɗai: ɗan Najeriya jami'an jiharsa da na hukumar NAHCON zai nema, ɗan Nijar kuma na COHO. Wanda ya je aikatau ya sani cewa dokar Saudiyya da ta Daular Larabawa duk sun hana uban gida ya riƙe fasfon ma'aikaci, ko da yake ana yi.

Kamu ya fi duk waɗannan ɗaci, kuma sau da yawa daga jaka yake farawa. A watan Disamba 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Kano a Madina, inda ta je Umara da mahaifiyarta, bisa zargin shigo da ƙwayar tramadol. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata a filin jirgin Kano ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan wata 4 a tsare, a ƙasar da hukuncin fataucin ƙwaya kisa ne. Darasin yana wurin awon kaya. Matafiyi ya tsaya da kansa a auna jakunkunansa, ya ƙirga 'yan takardun shaida da aka liƙa masa a tikiti, ya tabbata sun yi daidai da yawan kayansa. Saƙon "don Allah kai wa wane" kuwa, in ba za a kwance shi gaban idon mai ɗauka ba, a ba mai shi haƙuri. Kunya ba ta fitar da kowa daga kurkuku. Tramadol da kodin, waɗanda wasu ke ɗauka maganin gajiya, suna kai mutum gidan yari a Masar da Dubai. Goro ma Saudiyya ta hana shiga da shi. Kuɗi kuma yana da iyakar da ake bayyana wa kwastam: dala 10,000 a Najeriya da Amurka, yuro 10,000 a Tarayyar Turai, a Saudiyya kuma riyal 60,000 ne a 2025.

Wanda aka kama yana da wani haƙƙi da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ya ce in baƙo ya nema, dole hukumar da ta tsare shi ta sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa ba da ɓata lokaci ba. Sharaɗin shi ne ya nema da bakinsa, ya kuma maimaita. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ya nemi tafinta da lauya. Kada ya miƙa wa jami'i na goro, domin abin da ake rufe ido a kansa a wani wuri, a can sabon laifi ne da ya fi na farko. Ofishin jakadanci zai iya ziyartarsa, ya sanar da iyali, ya nuna lauyoyi, ya sa ido kada a zalunce shi. Ba zai iya buɗe ƙofar kurkuku ba, ba zai biya tara ba, ba zai sauya hukuncin alƙali ba. Iyali a gida su ma su yi hattara: saƙon WhatsApp mai cewa an kama wane a turo kuɗi maza-maza tsohuwar damfara ce, sai an ji muryar mutumin ko an tabbatar ta wata hanya.

Matsalolin jirgi da kuɗi sun fi sauƙi. Wanda jakarsa ba ta fito ba kada ya bar filin jirgi sai ya cika takardar cigiya a teburin kamfanin. Bisa Yarjejeniyar Montreal ta 1999, ana kai kukan jakar da ta lalace cikin kwana 7, wadda kuma ta yi kwana 21 ba ta iso ba an ɗauke ta ɓatacciya, diyya ta wajaba. Jirgin da ya tashi daga Tarayyar Turai in aka soke shi ko ya yi jinkiri mai tsawo bisa laifin kamfanin, fasinja yana da diyyar yuro 250 zuwa 600. Guzuri ba a tara shi wuri ɗaya. Katin banki in ya ɓace a toshe shi nan take, layin wayar gida kuma a tabbata yana karɓar saƙo a waje, domin ta nan banki yake turo lambar sirri. Idan tafiya ta tsaya kamar yadda ta tsaya wa duniya a watan Maris 2020 saboda korona, lokacin da Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga zirga-zirgar ƙasashen waje har zuwa Satumba, mutum ya je hukumar shige da fice kafin bizarsa ta ƙare. Mai zuwa da kansa neman ƙari da wanda aka kamo ba a yi musu kallo ɗaya.

Yaƙin Sudan ya nuna yadda gari yake juyewa cikin safiya ɗaya. Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Filin jirgin sama yana cikin wuraren da aka fara kai wa hari, don haka hanyar da kowa ya shigo ta ita ce ta fara toshewa. Bankuna suka rufe, wuta da ruwa da intanet suka riƙa ɗaukewa. Dubban 'yan Najeriya, galibinsu ɗalibai, suka maƙale. Motocin da gwamnati ta yi haya sun fara tashi bayan kwana 11, da yawa daga harabar Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa. Ayarin farko da ya nufi Masar ya yi kwanaki a kan iyaka cikin hamada kafin a buɗe masa, sai daren 3 ga Mayu jiragen farko suka sauka Abuja daga Aswan. Sauran aka bi da su ta Port Sudan, tafiyar fiye da kilomita 800 a mota.

Abubuwa kaɗan ne suka raba waɗanda suka sha da sauƙi da waɗanda suka wahala. Mai tsabar kuɗi a hannu ya sayi ruwa da wurin zama a mota, mai kuɗi a banki kuwa ya zuba ido. Wanda sunansa ke cikin jerin ƙungiyar ɗalibai ko na ofishin jakadanci an neme shi, wanda bai taɓa yin rajista ba sai da ya nemi masu nemansa. Mutane da yawa, musamman 'yan Sudan ɗin kansu, fasfonsu yana ofisoshin jakadancin ƙasashen waje suna jiran biza. Jami'ai suka kulle ƙofa suka tafi, ofishin Amurka ma ya lalata fasfunan da ke hannunsa kafin ya tashi. Ɗaliban Afirka da yaƙin Yukren ya rutsa da su a Fabrairu 2022 sun ga irin wannan a kan iyakar Poland, sai dai su sanyi suka sha maimakon rana. Ƙa'idar da ta fito daga duka biyun ita ce, muddin ana harbi a zauna cikin gida nesa da taga, a tara ruwa, a ajiye 'yar jaka ɗaya mai fasfo da magani da caja da kuɗi. Da hanya ta buɗe kuma a fita, ko da za a bar akwatuna da takardun makaranta. Ɗaukar hoton sojoji ko shingensu yana iya sa a ɗauki mutum ɗan leƙen asiri.

Girgizar ƙasa baƙuwa ce ga mutumin ƙasar Hausa, amma Turkiyya da Maroko, inda ake zuwa karatu da sarin kaya, duk sun gan ta a 2023. Ana durƙusawa a shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi a kare kai, in ta lafa a fita fili. A girgiza ko gobara ba a shiga lif, matakala ake bi. Duba inda matakalar take a daren farko na sauka otal minti biyu ne.

Ƙarshen abin da kan samu matafiyi shi ne rasuwa. Wanda ya cika a Makka ko Madina galibi a can ake yi masa sutura, a sallace shi a Harami, a kai shi maƙabartar Shara'i ko Baƙi'a. A wasu ƙasashe iyali sukan zaɓa tsakanin binnewa a maƙabartar Musulmi ta garin, da taimakon masallaci mafi kusa, da ɗauko gawa zuwa gida, wanda ke buƙatar izinin hukumar lafiya da na ofishin jakadanci da kuɗi masu yawa, in ba inshora ta ɗauki nauyi ba. Ba a taɓa gawar da aka samu a ɗakin otal sai 'yan sanda da likita sun zo. Abokan tafiya su rubuta kayan mamaci da kuɗinsa gaban shaidu, da bashin da yake bi da wanda ake binsa. Takardar shaidar rasuwa kuwa, wadda ta nuna rana da dalili, ita banki zai nema kafin ya saki ajiya, ita kotu za ta duba wajen rabon gado, daga ranar da ke jikinta kuma matarsa za ta ƙirga takabarta ta wata 4 da kwana 10. A karɓe ta, a kai ofishin jakadanci ya buga mata hatimi, tun abokan tafiya ba su baro ƙasar ba, domin nemanta daga gida yana iya ɗaukar watanni.